Wa Ya San Ka? Mahuta a Idon Google

Idan mutum ya rubuta "Mahuta" a shafin matambayi-ba-ya-ɓata na Google, musamman in daga wajen Nijeriya yake, ba lallai ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fakai, da ke ƙasar Zuru a Jihar Kebbi, ta fara fito masa ba. Zai iya cin karo da Nanaia Mahuta, wadda ta riƙe muƙamin ministar harkokin wajen ƙasar Niyu Zilan daga 2020 zuwa 2023, ko Mahuta Tawhiao, sarkin ƙabilar Maori na uku, wanda ya yi sarauta daga 1894 zuwa 1912. Ko a cikin gida ma sunan yana da masu shi da yawa, domin akwai Mahuta a Ƙaramar Hukumar Kafur ta Jihar Katsina, akwai kuma wata a gefen Kaduna, kusa da matatar mai. Kafin Mahutar ƙasar Zuru ta bayyana yadda ya kamata, sai an haɗa mata da Fakai, ko Zuru, ko Kebbi. Abin da kan biyo baya kuwa yawanci labarin hanyar Koko zuwa Dabai ne wadda ta ratsa garin, ko ziyarar wani ɗan siyasa, ko kuma labarin 'yan bindiga.

Wani zai ce ai raini ne, Turawa ba su damu da mu ba. Ni dai ban ga raini a ciki ba, lissafi ne kawai, kuma ana iya fahimtarsa.

A 1996 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani aikin bincike da suka kira BackRub, wanda ya zama kamfanin Google a 1998. Injinan bincike na wancan lokaci sun fi dogara da ƙirga kalmomi, wato shafin da ya fi maimaita kalmar da kake nema shi ne a sama. Yaudararsu ba wuya, mutum ya cika shafinsa da kalma ɗaya sau ɗari ya haye. Sai su biyun suka mayar da hankali kan mahaɗi, abin nan da samari ke kira linki, wanda ake dannawa ya kai mutum daga wani shafi zuwa wani. Suka ɗauki kowane mahaɗi a matsayin shaidar da wani shafi ya ba wani. Dabarar da suka kira PageRank ba ta tsaya ga yawan masu shaida ba, tana auna nauyin kowannensu, kuma nauyin mai shaida ya dogara ne ga waɗanda suka shaide shi.

Ɗan kasuwa ya riga ya san wannan. In baƙo ya zo ranar kasuwa yana son buhunan dawa bashi, tambayar farko ita ce wa ya san ka. In ya ce sarkin kasuwa, aka aika, sarkin kasuwa ya ce na san shi, magana ta ƙare. In kuwa yara goma ya tara ya saya musu shayi suka ce sun san shi, ba wanda zai ɗaga masa ko tiya. Sannan shi kansa sarkin kasuwar, in aka lura duk wanda ya zo sai ya tsaya masa, sannu a hankali maganarsa za ta rage daraja. Haka lissafin yake: shafin da ke ɗauke da mahaɗai masu yawa zuwa waje yana raba nauyinsa ne a tsakaninsu, kowanne ya sami kaɗan. Akwai kuma kalmomin da aka rataya mahaɗin a kansu. In jaridu biyar suka rubuta "kasuwar hatsi ta Mahuta" suka maƙala mahaɗi a jikin kalmomin zuwa shafi guda, Google zai fahimci abin da shafin ya ƙunsa tun kafin ya auna abin da mai shafin ya faɗa da bakinsa.

To, su wane ne masu nauyi da ke rubutu a kan ƙasar Zuru? Manyan jaridu ne da kafafen labarai na duniya, su kuwa ba sa zuwa sai wani abu ya faru. A watan Maris na 2022, lokacin da aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba, labarin ya kai har jaridun Turai da Amurka. Haka aka yi a watan Nuwamban 2025 da aka sace ɗalibai mata daga makarantar sakandaren Maga a Danko/Wasagu. Kowace jarida ta buga, wata ta yi nuni ga wata, mahaɗai suka taru a kan waɗannan labarai. Ba laifin 'yan jarida ba ne, aikinsu suka yi, kuma abin ya faru da gaske. Amma sakamakon shi ne ɗan kasuwar Ibadan da ke son sanin inda zai sayi waken suya, ko ɗan bautar ƙasa da aka tura Fakai, hoton da intanet ke ba shi na yankin rabinsa jini ne, sauran rabin kuma babu komai.

A kwatanta bukukuwa biyu na jiha ɗaya. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun da hukumar UNESCO ta amince da su a 2016. Shafin UNESCO yana maganarsa, kafafen yawon buɗe ido suna nuni gare shi, masu ɗaukar hoto na duniya sun sha zuwa. Uhola ta Dakarkari, wadda duk ɗan Zuru ya san irin taron da take yi da kokawa da raye-raye da baje kolin amfanin gona, ba ta da irin waɗannan masu shaida. Ba don ba a ɗaukarta a hoto ba. Ana ɗauka, har wayoyi su cika. Inda ake zuba hotunan ne matsalar.

Mutanenmu ba sa ƙyashin rubutu a waya. Kowace unguwa da zaurenta na WhatsApp, kowace ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da nata, ga shafukan Facebook na matasa da na 'yan siyasa. Farashin masara, rasuwa, ɗaurin aure, gadar da ruwa ya cinye, duk ana sanar da su cikin minti kaɗan. Sai dai saƙon WhatsApp a kulle yake tsakanin mai aikawa da mai karɓa, manhajar Google da ke yawo tana tattara shafuka ba ta ganinsa ko kaɗan. Zauren Facebook da aka rufe shi ma haka. Abin da aka wallafa a fili kuwa, wani Google na gani, wani ba ya gani, kuma ko ya gani, mahaɗin da aka sa a ciki ba ya ɗaukar nauyin da mutane ke zato.

Dalilin yana da tarihi. Da mutane suka gane mahaɗi kuɗi ne, sai suka shiga watsa nasu a duk inda aka bar ƙofa a buɗe. A watan Janairun 2005 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da wata alama da ake sakawa a bayan fage, mai suna nofollow, wadda mai shafi ke cewa da ita: wannan mahaɗi yana gidana amma ban tsaya masa ba. Manyan kafafen sada zumunta kusan duka irin wannan alama suke sa wa mahaɗan da jama'a ke wallafawa, ko su bi da su ta wata hanyar da ke rage musu ƙarfi. A 2019 Google ya ce daga yanzu zai ɗauki alamar a matsayin shawara, ba umarni ba, amma wannan bai mayar da rubutun Facebook shaidar sarkin kasuwa ba. Game da yawan mabiya da masu dangwala alamar so kuwa, tun a Janairun 2014 Matt Cutts, wanda a lokacin shi ne shugaban sashen yaƙi da maguɗi na Google, ya fito ya ce ba sa amfani da su wajen jera sakamako. Hujjarsa mai sauƙi ce: ba koyaushe ake barinsu su karanta waɗannan kafafe ba, kuma abin da ke ciki yana sauyawa kowane lokaci. Google ya gwada gina tasa kafar, Google+, a 2011, ya rufe ta a 2019.

Kada wannan ya sa a ce soshiyal midiya ba ta da amfani a wannan aiki. Tana da shi, amma ta bayan gida yake shigowa. Na farko, wakilin Aminiya ko na BBC Hausa da ke Birnin Kebbi ba kullum yake iya zuwa Fakai ba, a Facebook yake fara ganin abu. In abin da ya gani yana da gida, wato shafi tsayayye mai adireshi, zai iya nuni gare shi a labarinsa, wannan mahaɗin kuwa mai nauyi ne. In kuma hoto ne kawai da ke yawo daga waya zuwa waya, zai ɗauka ya rubuta cewa an samo daga kafafen sada zumunta, wanda ya sha wahalar ɗaukar hoton ya tashi a tutar babu. Na biyu, wanda ya ga sunan ƙungiya ko na shago sau da yawa a TikTok, ranar da buƙata ta taso da sunan zai yi bincike kai tsaye, ba sai ya yi takara da kowa ba. Na uku, kafafen su kansu sun zama wuraren bincike. A Yulin 2022 wani babban jami'in Google, Prabhakar Raghavan, ya ce binciken da suka yi ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na matasan Amurka, in suna neman wurin cin abinci, TikTok ko Instagram suke buɗewa. Daga Yulin 2025 kuma Instagram ya fara barin injinan bincike su tattara abin da asusun 'yan kasuwa da ƙwararru suka wallafa a fili. Saboda haka wanda ya sa bidiyon Uhola ya rubuta "Masha Allah" kawai a ƙasansa ya yi asara. Da ya rubuta sunan bikin da garin da shekarar, da an same shi.

Sai masu sayar da mahaɗi. Duk wanda ya taɓa buɗe shafin intanet ya san saƙonninsu: mahaɗai dubu a kan kuɗi kaɗan, shafin farko na Google cikin sati biyu. Wasu daga ƙasashen waje, wasu kuma yaranmu ne da suka kalli darasi biyu a YouTube suka buga katin kasuwanci da haruffan SEO a jiki, wato aikin ɗaga shafi a sakamakon bincike. Abin da suke sayarwa shi ne mahaɗai daga shafukan bogi da aka ƙirƙira don wannan kawai, ba mai karanta su. A da abin yana ci. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta tona yadda katafaren kantin J.C. Penney na Amurka ya mamaye matsayi na farko a bincike iri-iri, daga riguna zuwa zannuwan gado, ta hanyar dubban mahaɗai daga shafukan da ba ruwansu da kayan. Google ya tura kantin can ƙasa na kusan wata uku. A Janairun 2012 Google ya hukunta shafin manhajarsa ta Chrome na kwana 60, bayan an gano wani tallan da aka biya ya saɓa wa dokarsa. A Afrilun wannan shekarar ya fito da gyaran da ake kira Penguin, wanda ya durƙusar da shafuka masu ɗimbin yawa a dare ɗaya. Tun daga 2016 salon ya sauya, yawanci Google yakan yi watsi da mahaɗan banza ne kawai kamar babu su. Wato mai saye a yau ko dai a hukunta shi, ko kuma, abin da ya fi yawa, ya biya kuɗin iska. Musayar "sa nawa in sa naka" ita ma in ta yi yawa tana cikin abin da dokokin Google suka ambata da suna.

Abin da na ɗauka shi ne Mahuta ba ƙarancin mahaɗi ne ciwonta na farko ba, ƙarancin abin da za a yi wa mahaɗin ne. Ba a shaidar wanda bai zo ba. Kuma abin mamaki, irin bayanin da ke jawo mahaɗi da kansa shi ne wanda mutanen gari suka fi kowa mallaka. A ce ƙungiyar 'yan hatsi ta sa yaro ɗaya mai waya ya riƙa rubuta farashin buhun masara da dawa da gero da wake kowace ranar kasuwa, a shafi guda, da kwanan wata, shekara biyu ba fashi. Ɗan jaridar da ke rubutu kan tsadar abinci yana buƙatarsa, ɗalibin Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru mai rubuta kundin kammala karatu yana buƙatarsa, ƙungiyoyin agaji masu bin diddigin farashi suna buƙatarsa. Ba wani a Legas ko Landan da zai iya ƙirƙiro wannan daga ɗakinsa. Haka tarihin sarautun gargajiya na Fakai daga bakin dattawa, da jerin makarantu da asibitocin ƙaramar hukumar, da halin da hanya ke ciki a damina. Haka ma harsunan yankin. Fakkanci, wanda masana ke kira Ut-Ma'in, ya samu binciken digirin digirgir da Rebecca Paterson ta kammala a Jami'ar Oregon a 2019, kuma masu nazarin harsuna a duniya suna neman sautin muryar masu harshen da tatsuniyoyinsu. Shafin da ɗan gari ya tara irin wannan, da izinin masu maganar, jami'o'i ne za su yi nuni gare shi.

Bayan an samu abin nunawa, sauran aikin roƙo ne, kuma ba abin kunya ba ne. Makarantar da ka gyara wa rijiya, ƙungiyar da ka yi aiki da ita, hukumar da ta yi maka rajista, gidan rediyon da ya yi hira da kai, kowannensu in yana da shafi ana iya cewa ya ambace ka da mahaɗi. Guda biyar irin waɗannan, daga wuraren da suka san ka da gaske kuma suke da alaƙa da aikinka, sun fi dubun da ake sayarwa. Abin yana ɗaukar watanni, kuma wasu ba za su amsa ba.

Wikipedia tana da nata matsayi. Tun 2007 mahaɗanta na waje suke ɗauke da alamar nofollow, don haka wanda ya je can don ya cusa adireshin shagonsa bai samu komai ba, kuma masu gyara za su goge. Amfaninta ga gari daban ne. Daga cikinta Google ke yawan ɗebo bayanin da yake nunawa a gefe in an nemi sunan wuri, kuma Wikipedia ta Hausa, wadda matasa masu sa-kai suka kai ta dubun-dubatar maƙaloli, tana karɓar duk wanda zai rubuta da hujja. Hujjar ce ke komar da mu baya: sai an wallafa abu a wani wuri amintacce kafin a kafa shi hujja a can.

Mai gyaran waya ko mai shagon magani ba ya buƙatar duk wannan dogon zance. Shi abin da ya dame shi mutumin da ke cikin gari ko matafiyin da ya tsaya a tasha. Google ya bayyana cewa a binciken kusa abu uku yake dubawa: dacewar wurin da abin da ake nema, nisansa, da shahararsa. Rajistar shago a taswirar Google kyauta ce. Suna ɗaya, lambar waya ɗaya, a rubuta su iri ɗaya a ko'ina, a sa hoton ƙofar shago, a roƙi abokan ciniki na gaske su rubuta ra'ayinsu. A garin da masu yin haka ba su da yawa, wanda ya fara shi ne a sama, ba tare da mahaɗi ko ɗaya ba.

Akwai masu cewa shafin Facebook ya wadatar, me za a yi da wani shafin daban. A tuna daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Nijeriya, wata bakwai. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Ga kutse da rufe asusu da ke faruwa kullum. Sai dai shafin kai ma yana da nasa ciwon, kuma a wurinmu ya fi yawa. Adireshin intanet, ko mai ƙarewa da .ng wanda hukumar NiRA ke kula da shi ko waninsa, haya ce ta shekara-shekara. Sau nawa ƙungiya ta buɗe shafi da biki, shekara ta zagayo, wanda ya yi rajistar da sunansa ya tafi karatu ko aka sauya shugabanni, ba wanda ya biya? Duk mahaɗan da aka tara sai su koma nuni ga kango, wani lokaci ma masu tallan caca su saye adireshin don su ci gajiyar shaidar da aka tara masa. Gara shafi ɗaya mai sauƙi, mara nauyin hotuna, wanda zai buɗe ko sabis ya yi rauni, kuma ƙungiya ta san wa ke riƙe da makullinsa.

Batun harshe gajere ne. Rubutu da Turanci takara ce da duniya, rubutu da Hausa kuwa filin da sauran sarari. A dai tuna yawancin masu bincike ba sa sa ƙugiya a haruffa, kuma sukan gauraya Hausa da Turanci a tambaya ɗaya, don haka taken shafi ya zama da kalmomin da mutane ke faɗa da baki. Masu cika shafuka da Hausar da na'ura ta fassara, wadda ba Bahaushen da zai karanta layi uku bai tsaya ba, su ma ba wanda zai shaide su.

Nauyin mahaɗi kansa yana raguwa. A 2016 wani jami'in Google ya lissafa shi cikin abubuwa uku mafi muhimmanci, a 2023 kuma Gary Illyes na kamfanin ya ce ya daɗe da fita daga ukun farko. Daga Mayun 2024 Google ya fara sa amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamako, mutane da yawa kuma suna karantawa su wuce ba su danna komai ba. Wannan ya rage wa masu shafuka baƙi. Amma ita na'urar daga abin da aka rubuta a fili take ɗebo amsarta. Garin da bai rubuta kansa ba, abin da jaridu suka rubuta ranar da aka kai hari shi za ta taƙaita ta miƙa wa mai tambaya.

Akwai wani abu da littattafan wannan fanni, waɗanda aka rubuta a Amurka da Ingila, ba sa kawowa, domin su a wurinsu fitowa fili alheri ne zalla. A ƙasar Zuru ba haka ba ne. Masu garkuwa da mutane suna da waya, suna da masu kai musu rahoto, suna kallon TikTok kamar kowa. Ɗan kasuwar da ya sa hoton rumbunsa cike da buhuna, da taswirar da ke kai mutum ƙofar gidansa, ya yi wa kansa talla a wurin da bai nufa ba. Don haka shawarar a bayyana komai ba ta dace da kowa ba a nan. Farashin kasuwa ana iya wallafa shi da sunan ƙungiya ba tare da an ce wane ne ya sayi buhu ɗari ba. Hoton biki ana iya jinkirta shi sai an watse. Lambar da za a sa a shafi ta zama ta shago ko ta ofishin ƙungiya, taswira kuma ta tsaya a kasuwa ko bakin titi, kada ta kai gidan kowa.